Ɗaurin Ya Kolo a Bakin Inji

An ɗauki hoton dubulan ɗina, an buga shi a takarda, an manna a bangon kasuwar Nguru. Ba a tambaye ni ba, ba a kuma sa sunana ba. Abin da ya kai ni Gashuwa ke nan. Masu yaɗa cewa neman ilimi na je su daina, faɗa na je yi.

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni. “Hajja Bintu, wai da gaske inji na yin dubulan?” “Wai kin mari Bature?” Babu Bature a wurin, kuma ban mari kowa ba, ko da yake saura kaɗan. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wadda ba ta iya karatu ba ta kai wa wadda ta iya, ko ta zo ajin manya. Ni ma sai da na shekara arba’in da huɗu na fara riƙe fensir, ga ni ban mutu ba.

Kowace mace a garin nan tana iya kwaɓa fulawa ta kira shi dubulan. Nawa daban ne. Madauki bakwai gare shi da ƙulli a tsakiya, sunansa ɗaurin Ya Kolo. Kakata ce Ya Kolo. Ita ta koya wa uwata, uwata ta koya mini, kuma dukanmu ƙofa a rufe muke ɗaurawa. Maƙwabtana Yagana da Altine sun shekara ashirin suna roƙo in nuna musu. In sun shigo ina aiki, faifai nake kifawa a kai har su fita.

Ranar ina dawowa daga sayen sukari na ga takardar. Na tsaya na ƙirga madaukan, bakwai cif. Da a da ne sai in wuce ina murna, in ɗauka yabona ake yi. Amma yanzu ina karatu. Na sa yatsa na bi baƙaƙen: “Dubulan ba tare da hannu ba! Ku zo ku ga injin da ke buga abinci da kayan lantarki. Gashuwa, ranar Laraba.”

Ba tare da hannu ba! To hannun wa ya yi na cikin hoton?

Da yamma sai ga Hajiya Zara, wadda za ta aurar da ’yarta bayan kwana goma sha biyar. Tun da azumi ta ce ni zan yi mata dubulan ɗari uku na gara. Ta zauna tana kame-kame, daga baya ta ce, “Hajja, ko mu ɗan dakata mu ga na injin nan? An ce iri ɗaya ne da naki, kuma shi ba ya sa mutum jira.”

Na ce, “Hajiya, in inji zai yi miki gara, shi ma ya raka amarya ɗakinta.”

Ranar Talata na jera dubulan talatin a kwalla, na ɗaure da zane, na ɓamɓaro takardar daga bango na ninke a jaka. Malam, maigidana, yana zaune a zaure. Na faɗa masa inda za ni. Ya dube ni, ya dubi kwallar, ya ce, “Allah ya kiyaye hanya. A dai bar mutane da haƙoransu.”

A tasha na samu motar Gashuwa saura mutum biyu. Sauran nan na mutum biyu ya ci mana awa ɗaya da rabi. An lafta kwalayen bandar kifi a but har murfin ya ƙi rufuwa, an ɗaure da igiya. Direba ya miƙo hannu zai sa kwallata a kan kifin.

Na ce, “Taɓa ka gani. Ka taɓa cin dubulan mai ƙarnin tarwaɗa?”

Ya ce, “To Hajiya, a cinya za ki riƙe har Gashuwa?”

“Cinyarka ce?”

Mu huɗu aka cusa a baya. Kusa da ni Sande ne, mai gyaran waya da rediyo a bakin kasuwa. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a Nguru aka haife shi, Barbarcinsa ya fi na wasu jikokina. Ya gaishe ni da Barbarcin, ya ce, “Wushe, Hajja! Ke ma injin za ki gani?” Da wata tsohuwar rediyo a hannunsa, ya rungume ta kamar jaririya. Wai an ce injin yana buga allon cikin rediyo sabo fil, shi kuwa wannan ta shekara biyu a shagonsa don an daina kawo allonta. Tun daga Nguru yake mini bayani yadda zai sayi injin, ya buɗe reshe a Damaturu. Na ce ya fara sauke gwiwar hannunsa daga kan murfin kwallata.

Ba mu kai Jajimaji ba taya ta fashe. Muka fito muka tsaya ƙarƙashin wata goruba wadda inuwarta ba ta isa akuya ba. Safayar kuma tana can ƙasan kifi, sai da aka sauke kwalaye tara. Ƙudajen ƙasar nan kaf suka zo gaisuwa. Na ɗora kwallata a ka na koma can nesa na tsaya ni kaɗai, matafiya na wucewa suna kallona kamar mai talla a daji.

A shingen da ke gaba aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami’in ya ɗaga murfi, ya ƙura wa dubulan ido.

“Mama, na sayarwa ne?”

“Na shaida ne.”

“Shaidar me?”

“Sata.”

Ya ce to dole a bincika shaidar. Ya ci ɗaya, ya lumshe ido, ya kira abokin aikinsa shi ma ya bincika. Na rufe kwalla na ce binciken ya isa. Ashirin da takwas suka shiga Gashuwa.

Gidan ƙanena Modu na sauka. Matarsa Asabe Babadiya ce, ’yar ƙabilar yankin Gashuwa, kuma tun ranar da aka kawo ta ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Ta tare ni a tsakar gida: “Lale da Yaya! Me ya fito da mutanen burabusko birni?” Na ce birnin da sauro ke ɗauke baƙo. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Jama’a, mutanen Gashuwa ba sa zuba barkono a miya, miya suke ɗigawa a barkono. Mu a gida yaji gefe ake ajiyewa, mai so ya ɗiba. Su kuwa don suna noma shi sai sun ga baƙo yana hawaye suke yarda ya ci abinci. Na ci ina share hanci, tana ƙara mini tana cewa, “Ai don ke na rage.” Kifin dai, in faɗi gaskiya, da daɗi. Ban faɗa mata ba.

Na nuna mata takardar. Ta daina dariya. Ta ce, “Wannan ai na gidanku ne. Shi kuka kawo mini a bikina.” Ta ce gobe ƙafata ƙafarta.

Wata ƙungiya ce ta kama ɗakin taro ta kawo injinan. An rubuta ƙarfe tara, aka fara sha ɗaya da rabi. Da farko babu wuta. Aka tayar da janareta, ya mutu. Aka je neman mai. Da ya tashi sai aka shiga jawabai, mutum biyar, kowa sai ya gaida duk wanda na gabansa ya gaisar. Shugabansu, wanda suke kira Dakta, ya ce nan gaba kaɗan uwargida za ta danna maɓalli ta koma ta kwanta, abinci ya buga kansa. Maza suka yi tafi. Na lura babu macen da ta tafa.

Injina biyu ne a kan tebur, kowanne kamar ƙaramin akwatin talabijin da aka cire wa gilashi. Wata budurwa siririya mai tabarau ce ke kula da su, Rahila sunanta, iyayenta ma’aikata ne daga Filato. Ita ce injiniyar. Dakta magana kawai yake yi.

Na lantarkin aka fara. Wani ɗan baki kamar na allura ya riƙa yawo a kan farar roba yana zana layuka da tawada mai ƙyalli kamar azurfa. Da ta bushe, Rahila ta manna ɗan ƙwan fitila da batir, sai ga haske. Wannan kam na yi salati. Ba waya, ba dalma, zane kawai, wuta na bi. Sande ya miƙe da rediyonsa yana rawar jiki.

“Madam, zai buga mini allon wannan?”

Ta ce sai an zana wa kwamfuta allon tukuna, kuma layukan kawai yake bugawa, ƙananan kayan da ake dasawa a kai sai ya nemo.

“To tawadar fa, a ina ake sayarwa? Kano?”

Ta ɗan sunkuyar da kai ta ce daga ƙasar waje ake aiko da ita, kuma sai a firji take zama.

Sande ya ce, “Firji. A Nguru.” Ya zauna ya ɗora rediyon a cinya. Reshen Damaturu bai sake tasowa ba.

Sai aka zo kan nawa. Ga yadda abin yake, don ku daina tambayata. Kun san ledar lalle da mai ƙunshi ke matsawa tana zane? To ita ce, sai dai ta ƙarfe, an cika ta da kwaɓin fulawa, kuma kwamfuta ce ke jan hannun. Ya zana layi, ya dawo ya ɗora wani a kansa, ya sake ɗorawa, kamar mai ginin tukunya. Na matsa gaba da kwallata. Madauki na ɗaya. Na biyu. Ina ƙirgawa a zuci ina jira ya ɓata a ƙullin tsakiya, don nan ne ni kaina na shekara biyu ina shan ranƙwashi wurin uwata. Bai ɓata ba. Ya gama bakwai, ya yi ƙullin, kowane madauki daidai da ɗan’uwansa. Ya ɗauki minti goma sha ɗaya a kan guda ɗaya, amma ya yi shi. Na ga aikin Ya Kolo ya fito daga bakin ƙarfe a gaban maza masu tafi.

Dakta ya ce yanzu za a sa a na’urar gashi, kowa ya ɗanɗana.

Daga baya can sai muryar Asabe: “Gashi? Dubulan ne ko burodi? A soya mu gani!”

Mata suka ɗauka: “A soya! A soya!” Dakta ya ce ba a tanadi mai ba. Wata ta ce ai ga mai ƙosai a bakin ƙofa. Haka taron nan kaf ya tashi, da masu manyan riguna da masu kwat, Rahila a gaba da faranti, muka kewaye kaskon wata tsohuwa. Tsohuwar ta ce, “In kuka ɓata mini mai, ku za ku saye shi.”

Tun kafin a sa na san abin da zai faru, don na ga kwaɓin. Kwaɓin dubulan tauri gare shi, sai ka murza har kafaɗa ta amsa. Irin wannan ba zai bi ta ɗan bakin injin ba, sai suka yi ta ƙara ruwa har ya koma kamar ƙullun wainar fulawa. A ɗakin aikinsu gasawa suke yi a kan farantin, bai taɓa ganin mai ba. Rahila ta sa cokali za ta ɗaga, madauki biyu suka manne. Ta tura shi cikin kasko haka nan. Ya yi cuuu, ya buɗe, ya watse, kowane madauki ya kama gabansa. Tsohuwar ta sa matsami ta kwaso wasu baƙaƙen tsutsotsi ta miƙa wa Dakta.

“Ga dubulan ɗinka, Alhaji.”

A nan na kwance zanen kwallata. Na ɗaga guda sama, na ɗaga takardar a ɗaya hannun.

Dakta ya ce, “Mama, a yi haƙuri, akwai lokacin tambayoyi.”

Na ce, “Ba tambaya na zo da ita ba. Ka rubuta a nan ‘ba tare da hannu ba.’ Ni na karanta da kaina, ba karanta mini aka yi ba. Wannan na cikin hoton, ga hannun da ya yi shi. Sunansa ɗaurin Ya Kolo, daga Nguru. Matar ta rasu, amma ba ta rasa magada ba. Wa ya ba ku?”

Ya fara Turanci. Na ce ya dawo Hausa, da ita ya yi tallar. Ya ce ai abincin gargajiya na kowa ne. Na ce hularsa ma ta gargajiya ce, ya miƙo in tafi da ita. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na bi layi na ba mutane dubulan, har shi. Ya ci. Na ga ya duba kwallar sau biyu.

Da aka watse Rahila ta same ni a ɗakin taron. Ta durƙusa har ƙasa.

“Mama, laifina ne. A bikin ƙawata aka ba ni shi. Na ajiye ban ci ba don kyansa, na ɗauki hotonsa, na auna shi na sa a kwamfuta. Wallahi na ɗauka haka ake yin dubulan ko’ina.”

Na zo da sauran faɗa a cikina, amma yaya za ka yi da wanda ya durƙusa? Na ce ta tashi. Ta ce abu ɗaya ne ya gagare ta ganewa, sati uku tana fama: ta ina zaren ke shiga ƙullin tsakiya? Injin ɗorawa kawai yake yi hawa-hawa, ya fitar da kamannin, amma ba ɗauri yake yi ba. Ta kawo sauran fulawa. Raina ya ce in nuna wa yarinyar nan bambancin ɗauri da zane, sau ɗaya, da sauri yadda ba za ta kama ba. Na kwaɓa da tauri, na murza zare, na fara.

Abin da zan rubuta yanzu ko Malam bai sani ba sai da na dawo. Shekara biyu ke nan yatsuna suna ƙagewa. Da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasu. Talatin ɗin nan da na kawo, kwana uku na yi ina ɗaura su, abin da a da nake yi kafin azahar. Jiran da Hajiya Zara ke ƙorafi a kai, dalilinsa ke nan. Ƙofar da nake rufewa, a da don sirri ne, yanzu har da kunya.

A madauki na biyar babban yatsana ya tsaya. Zaren ya tsinke. Na sake, ya sake tsinkewa. Ga Asabe tsaye, ga yarinya tana kallo. Asaben da ba ta taɓa barin kuskurena ya wuce ba ta juya tana gyara ɗankwali.

Rahila ba ta ce sannu ba, kuma na gode mata da hakan. Ta juyo da kwamfutar ta nuna mini zanen yana juyawa a allo. A ƙasansa an rubuta lamba huɗu. Ta ce, “Sunan da na sa masa ke nan. Ki gyara, Mama.” Ta goge. Da yatsa ɗaya, ina neman kowane baƙi, na rubuta: Ɗaurin Ya Kolo, Nguru. Ta ce duk takardar da za a sake bugawa da sunan za ta fita, in Dakta ya ƙi ya nemi wani injiniyan. Sai ta tambaye ni sirrin kwaɓin. Na ce ta bari injinta ya yi kafaɗa tukuna.

A motar dawowa kwalla ba komai a ciki, na bar direba ya sa ta a but. Sande na gefena da rediyonsa, yana ta ba fasinjoji labarin kaskon ƙosai, yana ƙara gishiri. A bakinsa ne marin Bature ya samo asali. Kowa na taya ni murna wai na kayar da inji. Ni kuwa lissafin da nake yi daban. ’Ya’yana mata biyu suna aure a nesa, babu wadda ta tsaya ta koya. Duk duniya wuri biyu ɗaurin nan yake: a yatsun da suka fara ƙin umarnina, da cikin kwamfutar wata yarinya a Gashuwa, wadda kamanninsa kawai ta sani. Ranar da yatsun suka tsaya gaba ɗaya, abin da zai rage wa Ya Kolo shi ne wancan da ya watse a mai. Haushin Dakta ya sake ni tun kafin Jajimaji. Haushin da ya raka ni gida nawa ne, na shekara ashirin ina kifa faifai.

Na iso bayan la’asar na tarar labari ya riga ni. Hajiya Zara ta aiko a ce mini maganar gara tana nan, ɗari uku, saura kwana goma. Na dubi hannuwana. Na ce a ce mata na ji.

Washegari da hantsi na tsoma yatsuna a ruwan ɗumi, na kwaɓa fulawa kwano biyu, na shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida. Na buɗe ƙofar ɗakin aikina na tokare ta da turmi. Sannan na leƙa ta katanga na ƙwala wa Yagana da Altine kira.

Yagana ta leƙo ta ce, “Lafiya, Hajja? Wa ya rasu?”

Na ce, “Ba wanda ya rasu tukuna. Ku wanke hannu ku zo. Kuma duk wadda aka tambaya sunansa ta ce nata ne, ni da ita ne.”